Dasashin Auta

Tun tana 'yar firamare Auta ta gane cewa idan ta yi dariya ba haƙoranta mutane suke kallo ba. Leɓenta na sama ne ba ya jin magana. Da an ba ta abin dariya sai ya yi tsalle ya maƙale can ƙarƙashin hanci, ya bar dasashi jajir a fili, haƙoran kuma su koma 'yan mitsi-mitsi a ƙasa. 'Yan ajinsu sun laƙaba mata sunaye iri-iri, babu wanda ya cancanci a maimaita shi. Haka ta girma da hannu a baki. Kafin sautin dariya ya fito tafin hannu ya riga ya isa wurin, har ta kai ba ta ma sanin ta yi.

Da ta tashi neman abin yi, sai abincinta ya faɗo a situdiyon ɗaukar hoto. Maigidanta na wurin aiki ke ɗauka, ita kuma tana ɗan ɗakin baya gaban kwamfuta tana gyara. Ta share ƙuraje, ta rage tumbi, ta haska haƙora, ta janyo leɓe ƙasa ya rufe abin da mai shi ba ya so a gani. Hannunta ya faɗa ƙwarai a kan gyaran baki, kuma ba sai an tambayi dalili ba. Maigidan yakan zolaye ta cewa an taɓa yin angon da ya zo karɓar hoto ya tsaya yana tambaya ko wannan ce matar da ya baro a gida.

Wuri ɗaya ne hannun nan ba ya tashi zuwa baki, wato ɗakin Inna, mahaifiyarta. Su biyu suke zaune a saman bene, bisa shagon wani mai facin taya, tun da mahaifin Auta ya rasu yayanta kuma ya kama tuƙin babbar mota, sai an daɗe a gan shi. Inna ta tsufa, kuma tsufan bai tsaya a gwiwa ba, ya hau kai. Ta manta jikokinta, ta manta hanyar banɗaki, wani lokaci ta ƙulle kayanta a zani ta ce za ta gida. Abu ɗaya ta riƙe gam: ana so a kashe ta da abinci. Wannan kuwa aikin mai jinyar da ke zama da ita da rana ne, baiwar Allah da ta taɓa niƙa ƙwayar maganin suga ta zuba mata a shayi don a huta da gardama. Inna ta kurɓa ta ji ɗaci, shi ke nan. Daga ranar ba ta ƙara karɓar komai a hannun kowa ba sai na Auta.

Saboda haka rayuwar Auta ta zama gudu. Ta ba ta abinci da magani da safe, da rana ta baro situdiyo ta hau mota ta zo ta ba ta ta koma, da yamma ma haka. Kuma kullum hanya ɗaya ake bi. Za ta tura ƙofa da ƙafa, hannuwa biyu riƙe da tire, Inna ta ɗago a tsorace ta ja bargo har wuya. Sai Auta ta ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau ma ba ki gudu ba?" ta bushe da dariya. Nan take fuskar Inna za ta saki, ta ce, "Au, ke ce," ta gyara zama. Auta ta ɗauka muryarta ce ke wannan aikin, ko zolayar. Ba ta taɓa tsayawa ta lura cewa mai riƙe da tire ba ta da hannun rufe baki ba.

Ana nan sai wata likitar haƙori ta zo a ɗauke ta hoton da za ta kafa a asibitinta. Ta shigo ɗakin baya don ta zaɓi wanda ya yi mata, maigidan ya saki wani barkwancinsa, Auta ta kai hannu baki. Likitar ta dube ta, ta roƙe ta cikin ladabi ta sauke hannun ta gani. Ta ce ai wannan ba ciwo ba ne, tsokar da ke ɗaga leɓen ce ta cika ƙwazo, kuma akwai 'yar allura da ake yi a gefen hanci, dama da hagu, ta sa tsokar ta lafa. Ba yanka, ba ɗinki, kafin shayi ya huce an gama. Bayan 'yan watanni ƙarfin allurar zai saki, wanda ke so ya koma a sake masa.

Wannan sakin shi ya ja Auta. A aikinta babu gyaran da ba ya warwaruwa, in ka ja leɓe bai yi maka ba sai ka danna ka mayar da shi yadda yake. Da wannan idon ta kalli allurar. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta nemi izini a wurin aiki ta tafi. Ta kwanta a doguwar kujera ƙarƙashin fitila, likitar ta sa ta yi murmushi ta ɗiga mata alama da alƙalami, ta tambaye ta ko tana da ciki, ko akwai maganin da jikinta ba ya so. Ta ce babu. Zafin bai kai na cizon sauro ba.

Da farko ba ta ga komai ba, har ta fara cewa an yi mata wayo. Sai wata safiya tana wanke baki ta gwada murmushi a madubi, leɓen ya tashi ya tsaya cak a saman haƙora, bai ƙara ko ɗan taki ba. Ta sake gwadawa. Ta tuno abin dariya da gangan ta yi ta ƙyaƙyatawa ita kaɗai a banɗaki, dasashi ko alama. Daɗi ya kama ta har ta zubar da hawaye, ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Da wannan murnar ta dafa shayi, ta yanka burodi, ta soya ƙwai, ta tura ƙofar Inna da ƙafa.

Ta yi zolayarta, ta yi dariyarta. Bargon bai sauka ba.

"Wace ce ke?" in ji Inna.

"Inna, ni ce. Auta."

Tsohuwar ta ƙare mata kallo tun daga ɗankwali har ƙafa, ta dawo kan bakin ta tsaya. "Murya kam kin iya sata. Amma 'yata in ta yi dariya har cikin kanta kana hangowa, irin na ubanta. Ke kuwa bakinki kamar an ɗinke shi. Fitar min da tiren nan."

Auta ta ɗauka rikicin safiya ne, zai wuce. Ta dawo da rana, aka kore ta. Ta dawo da yamma, Inna ta juya wa bango fuska. Mai jinya ta ce a ƙyale ta, yunwa za ta yi mata magana. Yunwar ta yi magana, Inna ta yi buris da ita. Ruwan famfo kawai take lallaɓawa ta sha da tafin hannunta in ta ga ba mai kallo. Auta ta sayo biskit da madara a rufe cikin kwalinsu, ta ajiye mata don ta buɗe da kanta, Inna ta ce an san da wannan, da allura suke zura abin ta jikin leda.

Nan fa hankalin Auta ya tashi sosai. Babu abin da ba ta gwada ba. Ta sa yatsa ta ɗaga leɓen, Inna ta ƙwala ihu ta ce mahaukaciya ta shigo mata ɗaki. Ta manna filasta daga leɓe zuwa gefen hanci, ya ɓalle tana tsakiyar magana. Ta cusa auduga a ƙarƙashin leɓen, bakin ya kumbura, maganar ta fito a dagule, Inna ta jefe ta da kofi. Ta zauna bakin gado ta jero mata labarin tsohon gidansu, da kyanwar da suka taɓa kiwo, da ranar da ta faɗo daga keke ta fasa goshi, ta nuna mata tabon. Inna ta saurara tsaf, sannan ta ce lallai an shirya ta da kyau, wa ya ba ta duk wannan labarin? Tsohuwa mai ciwon suga, ba ci, ba magani, jikinta ya fara rawa, leɓunanta suka tsattsage, idanun suka faɗa. Auta ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba.

Ta koma asibitin haƙori ba tare da ta jira layi ba. Ta faɗa wa likitar komai a tsaye, ta ce ta taimaka ta cire mata.

"Ba abin da ake cirewa ba ne," in ji likitar a hankali. "Ya riga ya shiga tsoka. Sai ya saki da kansa."

Auta ta ce to a yi mata wata allurar da za ta tashi tsokar, ko a yanka, ko a ɗinke leɓen a sama, ta yarda da kowane irin tabo. Har ƙasa ta durƙusa ta riƙe gefen farar rigar matar. Likitar ta ɗago ta ta zaunar, ita ma idonta ya kawo ruwa, ta ce babu irin wannan allurar, kuma ba za ta yanka lafiyayyen leɓe a kan abin da zai warware nan da wata uku ko huɗu ba. Ta ce a gaggauta kai tsohuwar asibiti. Auta ta fito tana jin watannin da aka ambata na yi mata amo a kunne, alhali Inna ko mako ba za ta kai a haka ba.

Ta kira yayanta. Ya fara da faɗa kamar yadda ya saba, ya ce bakin da ta rayu da shi tun haihuwa yau ne ya tsone mata ido? Da ya ji kukan da take yi sai ya ce ga shi nan tafe. Ya bar motarsa a hannun abokin tuƙinsa ya iso da ƙurar hanya a jikinsa. Inna ta ɗauke shi mai karanta mitar wuta. Shi ya ɗauke ta cak ya sauko da ita daga bene, tana dukan bayansa da hannun da ba ƙarfi.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, ta fizge. Aka sake sawa, aka ɗaure mata hannuwa a jikin gado da bandeji. Tana kwance tana kiran Auta, ta zo ta kwance ta, ta zo ga mutane za su kashe ta, Auta kuwa tana tsaye a kanta riƙe da ƙarfen gadon. Likitan ɗakin ya ce ƙarin ruwa ba abinci ba ne. Idan ba a sami wanda za ta yarda da shi ba, dole su zura mata roba ta hanci, kuma a shekarunta da irin wannan turjiyar ba ya son a kai ga haka.

Yayan ne ya kawo shawarar hoto. Ya ce a ɗauko hotunan gida a nuna mata tun daga yarinta har girma, ta bi fuskar a hankali har ta iso kan wadda ke gabanta. Auta ta ruga gida ta sauke firam-firam daga bango, ta ciro albam daga ƙasan akwati, ta zube su a gado. Sai a lokacin ta tuna. Shekarar da ta fara aiki, damshi ya fara cin tsofaffin hotunansu, ta kwashe su ta kai situdiyo ta juye a kwamfuta ta wanko sababbi. Kuma da yake hannu ya saba, duk inda ta ga kanta sai da ta ja leɓen ƙasa. Ga ta 'yar shekara biyar a cinyar mahaifinta, shi dasashinsa a waje, ita baki tsaf kamar 'yar tsana. Ga ta ranar gama makaranta, haka. Tsofaffin ta zubar da su da hannunta, na cikin kwamfuta ma ta goge. Suka duba wayar yayan, a kowane hoto ko tafin hannu a baki ko baki a tsuke. Duk gidan babu hoto ɗaya na yarinyar da Inna ke nema.

Ta ɗauki ɗaya daga ciki ta nufi situdiyo, yayan na biye. Maigidan ya ga fuskarta bai yi barkwanci ba, ya kunna mata kwamfuta ya ja gefe. Ta buɗe hoton ta kama leɓen ta tura shi sama, ta fara zana dasashi. A nan ta gano ba ta san kamanninsa ba. Abin da ta ƙi jinin kallo ne tun tana yarinya, ko a madubi takan kau da kai. Ta zana ɗan siriri, ta waiwayo.

"Ƙara," in ji yayan. Ta ƙara. "Ƙara dai. Ke ba ki san kanki ba ne? Har nan yake kaiwa. Kuma ya fi wannan ja, ta hagu ya fi tashi, kuma hancinki yana tattarewa."

Haka ya tsaya a bayanta yana nuni da baƙin yatsansa a jikin gilashi, tana bi, har wata mata ta bayyana tana dariya da dukan fuskarta. Auta ta daɗe tana kallonta. Ba ta ga munin da ta yi shekaru tana ɓoyewa ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Maigidan ya wanko shi babba ya miƙa mata.

A asibiti, da aka kwance wa Inna hannu ɗaya aka ba ta hoton, ko daƙiƙa ba ta ɗauka ba. "Ga ta," ta ce, ta manna hoton a ƙirji. Sai ta ɗago ta dubi matar da ta kawo shi. "Ina kuka kai min ita?"

"Ni ce" ya zo har bakin Auta. Ta kalli bandejin da ke ɗaya hannun, ta haɗiye shi.

"Tafiya ce ta kama ta, Mama," ta ce, irin kiran da baƙuwa za ta yi wa tsohuwar da ba tata ba. "Ita ta aiko ni. Ta ce in kawo miki wannan abincin, da hannunta ta dafa."

Inna ta ƙanƙance ido. Ta tambaya in da gaske ne, wane saƙo ta bayar? Auta ta ce ta ce a tambayi tsohuwa mai ran ƙarfe ko yau ma ba ta gudu ba. Wata 'yar dariya ta kufce wa Inna. "Ja'ira," ta ce. "Ita ce." Ta ci cokali biyar na shinkafa, ta sha maganinta. Yayan ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Aka sallame su, yayan ya koma hanya, Auta ta zama 'yar aike a gidansu. Kullum sai ta shigo da sallama irin ta baƙi, ta nuna hoton da ke jingine a kan durowa, ta isar da gaisuwa, sannan a ci. Kullum kuma sai ta ƙago labari: Auta tana lafiya, aiki ne ya riƙe ta, ta kusa dawowa. Inna ta saba da 'yar aiken har tana yi mata hira. Ta ce mata yarinyar nan tata ba ta da matsala sai ɗaya, ta cika rufe baki a gaban mutane, in ta je ta ce mata ta daina. Takan gutsuri rabin burodinta ta tura ƙarƙashin filo ta ce na Auta ne, Auta ta bi bayanta ta kwashe kafin tururuwa su taru. Ranar da ta fi kowace wuya ita ce ranar da Inna ta kama hannunta ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ki gaya min gaskiya, ko wani laifi na yi mata?" Auta ta rantse mata babu, ta shiga kicin ta toshe baki da tsumma don kada a ji ta.

Kowace safiya tana gaban madubi tana yaƙe baki har kumatu su yi tsami. Ta gasa wurin da ruwan ɗumi, ta murza, ta roƙi Allah ya dawo mata da abin da ta yi shekaru tana roƙon ya ɗauke. Leɓen yana nan yadda likita ta ajiye shi, kyakkyawa, kowa a situdiyo yana yabawa.

A hankali tambayoyin Inna suka ragu. Ta daina ajiye burodi, ta daina tambayar yaushe. Auta ta ji sauƙi, don ƙaryar ta ishe ta. Wata rana ta dawo da rana a guje kamar kullum, mai jinya ta tare ta a ƙofa da murna ta ce yau ta huta, Inna ta karɓi shayi a hannunta ta shanye, har da ayaba. Auta ta ce madalla. Amma da ta leƙa ɗakin ta ga hoton ya faɗi ta fuska a kan durowa, ƙura ta hau bayansa.

Leɓen ya fara motsi bayan wannan, kaɗan-kaɗan, ta hagu tukuna. Ta daure ba ta nuna ba, tana tsoron kada rabin abu ya sake ɓata komai. Sai ranar da ta yi dariya a madubi ta ga ya yi tsallensa na da, hanci ya tattare, dasashi jajir har sama. Cikin sauri ta haɗa tire, shayin na zuba a gefen kofi. Ta tura ƙofa da ƙafa, ba sallamar baƙi, ta tsaya inda hasken taga ke dukan fuskarta, ta yi dariya da dukan ƙarfinta.

"Inna, na dawo. Auta ce."

Inna ba ta ja bargo ba. Ta dube ta da sakakkiyar fuska, babu tsoro ko kaɗan a ciki, ta mayar mata da murmushi.

"Sannu da zuwa, 'yan mata," ta ce. "'Yar gidan wa?"

Auta ta ajiye tiren don kada ya suɓuce. Ta zauna bakin gado ta matso da fuskarta kusa, ta sake faɗin sunan, ta sake yin dariyar, hawaye na gangarowa cikin bakinta. Inna ta sa busasshen tafinta ta share mata kumatu, tana kallon bakin da sha'awa.

"Kina da fara'a," ta ce. "Uwarki ta dace."

Auta ta ɗauki kofin ta hura shayin har ya huce, ta tallafo mata kai.